Vada Pav: Asalinsa a Birnin Mumbai da Yadda Ake Haɗa Shi Ya Fito Daidai

Duk wanda ya san daɗin a yaga burodi a cusa ƙosai mai zafi a ciki a barbaɗa yaji, ya riga ya kama hanyar gane vada pav. Dankalin turawa ne ake dafawa a murƙushe, a sarrafa shi da tafarnuwa da citta da koren barkono, a mulmula, a tsoma a ƙullin wani garin wake na Indiya a soya, sannan a danna shi cikin ɗan burodi mai laushi tare da jan yajin tafarnuwa. A bakin mutanen birnin Mumbai na Indiya sunan yana fita kusan kamar "wada pau". Vada shi ne soyayyen dunƙulen, pav kuma burodin. Ba nama a cikinsa, ba ƙwai, kuma ba ya buƙatar faranti ko cokali. Hannu ɗaya ya ishe shi, ɗaya hannun yana riƙe da jaka ko ƙarfen ƙofar jirgin ƙasa.

Wannan magana ta hannu ɗaya ita ce mabuɗin girkin gaba ɗaya. An tsara abincin ne don ma'aikaci mai sauri, shi ya sa yajinsa busasshe ne, burodinsa ba ya farfashewa, dankalinsa kuma ba ya ɗigar ruwa. Mai girkin da ya riƙe wannan a zuciya zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe.

Inda ya samo asali

Abin mamaki shi ne manyan kayan haɗinsa uku duk baƙi ne a Indiya. Dankalin turawa da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, kuma jiragen ruwan Turawa ne suka kai su gaɓar yammacin Indiya, inda Turawan Fotugal suka kama Goa a 1510. Har yau masu jin harshen Marathi, wato harshen yankin Mumbai, suna kiran dankali "batata", kalmar da suka ara daga Fotugal, alhali a Hindi "alu" ake cewa. Shi ma pav daga kalmar Fotugal ta burodi ya samo suna, don su ne suka kawo al'adar gasa burodi mai kumburi a wannan yanki. Tsibiran da suka zama birnin Bombay, wato Mumbai ta yanzu, ma a hannunsu suke har 1661, lokacin da aka bai wa Ingila su cikin garar auren gimbiya Catherine ta Fotugal da Sarki Charles na biyu na Ingila. Daga baya gidajen burodi na mutanen Goa da Iraniyawa da Musulmin arewacin Indiya suka mayar da pav burodin talaka a birnin.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 Bombay ta cika da masaƙun auduga. Unguwannin Parel da Lalbaug da Worli da maƙwabtansu har suna aka ba su, Girangaon, wato ƙauyen masaƙu. Dubban ma'aikata ke kwarara zuwa can kullum a jirgin ƙasa, kuma tashar Dadar ce mahaɗa, domin a nan manyan layukan jirgi biyu na birnin, na tsakiya da na yamma, suke haɗuwa. Soyayyen dunƙulen dankali, batata vada, ya daɗe a girkin jihar Maharashtra, wadda birnin ke cikinta, ana cin sa shi kaɗai da ɗan yaji. Pav ma yana nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su.

Labarin da ya fi yaɗuwa yana bai wa wani mai suna Ashok Vaidya wannan lambar. An ce a 1966 ya kafa ɗan teburinsa a bakin tashar Dadar, ya fara tsaga pav yana saka vada da yaji a ciki yana miƙa wa masu rige-rigen shiga jirgi. Mutanen garin Kalyan da ke wajen birnin suna da tasu da'awar, suna cewa wani gida a can ne ya fara sayar da shi ta taga. Ko ma wane ne ya riga, zamanin ɗaya ne, kuma masu sayen iri ɗaya ne, wato ma'aikatan da kuɗin aljihunsu kaɗan ne, lokacinsu kuma ya fi kuɗin ƙaranci.

Siyasa ta ba shi ƙafa. An ƙirƙiri jihar Maharashtra a 1960, sannan a 1966 Bal Thackeray ya kafa jam'iyyar Shiv Sena, wadda ta gina kanta kan iƙirarin kare 'yan asalin jihar masu jin Marathi. A lokacin gidajen abincin mutanen kudancin Indiya, waɗanda ake kira Udupi, su ne suka mamaye kasuwar abinci mai araha. Jam'iyyar ta riƙa zaburar da matasanta su kafa teburan vada pav, ya zama abincinsu na gida da zai yi gogayya da na baƙi. Wannan alaƙa ba ta yanke ba, har a 2009 jam'iyyar ta fito da kekunan sayarwa masu suna Shiv Vada Pav.

Amma abin da ya fi watsa shi lungu-lungu wahala ce. A watan Janairun 1982 ma'aikatan masaƙa kusan 250,000 suka shiga yajin aiki ƙarƙashin jagorancin Datta Samant. Yajin ya haura shekara, masaƙu da yawa ba su sake farfaɗowa ba, magidanta masu ɗimbin yawa suka wayi gari ba albashi. Sana'ar vada pav ba ta cin jari mai yawa. Kasko ɗaya, risho, buhun dankali, gari, da burodin da gidan gashi zai kawo kowace safiya. Da yawa daga cikinsu nan suka koma, teburan suka yawaita a bakin kowace tasha da ƙofar kowace kwaleji.

Yau jiragen cikin birnin, wanda aka mayar wa suna Mumbai a 1995, suna ɗaukar mutum sama da miliyan 7 a rana, kuma da wuya a fita daga tasha ba a ji ƙamshin suyar vada ba. Hindu yana ci, Musulmi yana ci, mai cin nama da wanda ba ya ci duk suna tsayawa a teburi ɗaya. Mabiya addinin Jain, waɗanda ba sa cin abin da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙasa irin dankali da tafarnuwa, suna da nasu da ake yi da ɗanyar ayaba. Bayan da kamfanin gidajen abinci na Amurka McDonald's ya shiga Indiya a 1996, sai da ya ƙirƙiro abincin dankali a cikin burodi, McAloo Tikki, don ya sami shiga. Su ma 'yan kasuwar gida suka buɗe jerin shaguna irin na zamani, Jumboking a 2001 da Goli Vada Pav a 2004. Har rana aka ware masa, 23 ga Agusta. Duk da haka masu son abin har gobe sunayen teburan titi suke ambata, irin na kusa da Kwalejin Kirti a Dadar, da shagon Aram da ke fuskantar babbar tashar Chhatrapati Shivaji, da teburin Anand a Vile Parle.

Kayan da sai an kula wajen saye

Awon da ke ƙasa na vada 10 ne. Yawancin kayan suna nan a kasuwanninmu, amma huɗu suna buƙatar bayani.

Garin ƙullin sunansa besan. Ana niƙa shi ne daga chana dal, wani ƙaramin wake rawaya mai kama da gurjiya da aka ɓare aka raba biyu. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da kayan Indiya. In ya gagara, a surfa farin wake a cire ɓawon tas, a shanya ya bushe ƙayau, a niƙa da laushi a tankaɗe sau biyu. Ɗanɗanon zai karkata wajen ƙosai, amma zai rufe dankalin ya soyu. Kada a ɗauki garin ɗanwake da aka riga aka haɗa da rogo da kuka, zai yi danƙo da yauƙi.

Na biyu ganyen kori. Wanda ake kira da wannan suna a kasuwannin Najeriya ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, tsiro ne daban da na Indiya, wanda ganyen bishiya ne mai ɗan kauri da sheƙi. In ba a sami na Indiya ba, ɗanye ko busasshe, a bar shi kawai, don na gida zai juya ƙamshin zuwa wani abinci. Na uku ƙwayar mustad, baƙa ko ruwan ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Wannan kam a yi ƙoƙari a samo, rabin ƙamshin dankalin daga gare ta yake. Na huɗu hing, wanda Larabawa ke kira haltit, ƙaro ne mai wari mai ƙarfi idan yana ɗanye, amma da ya taɓa mai mai zafi sai ya koma ƙamshi irin na albasa da tafarnuwa. Ɗan tsinke ake sawa, kuma rashinsa ba ya ɓata girkin.

Burodin

Pav ba shi da zaƙi sosai, ɓawonsa siriri ne, cikinsa kamar auduga. Yawancin burodin gidajen gashinmu sukari ya yi masa yawa, kuma zaƙin yana danne yajin. Wanda zai saya ya nemi ƙananan dunƙulallu marasa zaƙi. Wanda ke da abin gashi kuwa, gara ya yi nasa.

A zuba fulawa giram 500, yis giram 7, sukari babban cokali 1 da rabi, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, da madara ko ruwa mai ɗumi mililita 320. A kwaɓa, zai yi ta manne wa hannu, kuma haka ake so. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙara fulawa don hannu ya huta, sai burodin ya fito da tauri. A ci gaba da murzawa minti 12 zuwa 15, a tsakiya a saka bota giram 30, har kwaɓin ya yi santsi yana miƙewa in an ja shi. A rufe ya ninka, kamar awa ɗaya a wuri mai ɗumi, a lokacin hunturu kuma ya fi haka. A raba gida 12, a mulmula kowanne saman ya yi sumul, a jera a farantin gashi da tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu. Bayan minti 40 zuwa 45 za su kumbura su manne da juna. Wannan mannewar ita ke sa gefensu ya zauna fari da taushi, kuma ita ta sa ake kiran sa ladi pav, wato burodi mai fitowa a faifai guda ana ɓantara. A shafa madara a sama, a gasa a zafi digiri 200 na minti 15 zuwa 18. Da fitowa a shafa bota a lulluɓe da tsumma mai tsabta har ya huce.

Dankalin

A wanke dankali giram 600, matsakaita 5 ko 6 ke nan, a dafa shi da ɓawonsa minti 20 zuwa 25, har wuƙa ta shige ba turjiya. Dafa shi a feraye ko a yayyanke yana sa ya sha ruwa, kuma jiƙaƙƙen dankali shi ne babban abokin gabar wannan girki. Ba ya mulmuluwa, ƙulli ba ya kama shi, sannan in ya shiga mai ruwan cikinsa yana zama tururi ya fasa rufin. A tsame a bar shi a kwando ya sha iska, a ɓare tun yana da ɗumi, a murƙushe da hannu ko bayan cokali mai yatsu. A bar 'yan ƙananan gudaji. Kada a kai shi bilenda, kada a kirɓa shi a turmi kamar sakwara, domin sitacinsa zai fito ya koma danƙo.

A turmi a jajjaga tafarnuwa ƙwaya 8, citta ɗanya kamar gaɓar babban yatsa, da dogon koren barkono 4. A bar jajjagen da ɗan gari-gari. In attaruhu kawai ake da shi, kore guda 1 ko 2 ya isa, don zafinsa ya ninka na barkonon da suke amfani da shi a can, ƙamshinsa kuma yana da ƙarfi.

Yanzu sai matakin da Indiyawa ke kira tadka, a Marathi kuma fodni, wato tayar da ƙamshin kayan yaji a mai mai zafi. Ba ya cin minti biyu, don haka komai ya kasance a gefen murhu kafin a fara. A ɗora mai babban cokali 2 a wuta matsakaiciya. Da ya yi zafi a zuba mustad ƙaramin cokali 1, a jira ta fara tartsatsi tana tsalle. Sai ta fashe ɗacinta ke tafiya, in an yi gaggawa za a riƙa tauna ƙwaya mai ɗaci a cikin vada. Da tartsatsin ya lafa a jefa hing da ganyen kori 10 zuwa 12, a biyo da jajjagen, a juya kamar rabin minti zuwa minti ɗaya har warin ɗanyar tafarnuwa ya tafi amma ba ta yi ja ba. A rage wuta, a zuba kurkur rabin ƙaramin cokali, a juya sau biyu kawai, saboda yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Nan take a juye dankalin da gishiri ƙaramin cokali 1, a gauraya har ko'ina ya yi rawaya. In dankalin yana da damshi, a bar shi a wuta minti 2 ko 3 ana juyawa ya ƙara bushewa.

A sauke, a zuba yankakken ganyen koriyanda, wanda wasu ke kira kusbara, cikin tafin hannu, a matse rabin lemon tsami. A ɗanɗana. Ya kamata gishiri da yaji su ɗan fi yadda za a so a ci shi haka nan, domin ƙulli da burodi za su rage musu kaifi. A bar shi ya huce sarai kafin a mulmula gida 10, kowanne kamar girman ƙwan kaza. A matse su da kyau kada a bar tsaga. Masu teburi da yawa suna ɗan danne su su yi faɗi don su zauna a burodi ba tare da sun zame ba.

Ƙulli da suya

A tankaɗe besan giram 150 da garin shinkafa babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, da kurkur kwatan ƙaramin cokali. Garin shinkafar ne ke sa ɓawon ya ɗan yi ƙaras-ƙaras. A zuba ruwa mililita 150 da kaɗan-kaɗan ana burgawa, don in an kwara shi lokaci guda gudaji za su taso. Daga nan a riƙa ƙarawa cokali-cokali, yawanci yana tsayawa wajen 170 zuwa 180, gwargwadon laushin garin. Gwajin shi ne a tsoma cokali a ɗaga. Ƙullin ya rufe bayan cokalin har ba a ganin ƙarfen, kuma ya zubo a zare ɗaya ba yankewa. Ya fi ƙullin ƙosai ruwa, ya fi koko kauri. A bar shi minti 10 zuwa 15 garin ya jiƙa.

Kaurin nan shi ne wurin da aka fi faɗuwa. In ya yi ruwa, zai zame daga jikin dankalin, a sami wuraren da ba rufi, mai ya shiga ya tarwatsa dunƙulen. In ya yi kauri, sai a sami ɓawo mai nauyi da ɗanyen ƙulli a ƙarƙashinsa mai warin wake. Ana gyara na farko da cokalin gari, na biyu da cokalin ruwa, shi ya sa yake da kyau a soya guda ɗaya na gwaji a tsaga a duba.

A ɗora mai a kasko mai zurfi, zurfin man ya kai yadda vada zai yi iyo, kamar yatsu huɗu a kwance. Zafin da ake nema digiri 170 zuwa 180. In ba ma'auni, a ɗiga ƙulli kaɗan. In ya ɗan nutse ya taso cikin daƙiƙa 2 ko 3, man ya yi. In ya kwanta a ƙasa, da saura. In ya yi ja nan take, a rage wuta a jira. Sai a wannan gaɓar ake saka bekin soda ɗan tsinke, bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali ba, tare da cokali ɗaya na man da ke kan wuta, a burga. Sodar da ta yi yawa tana sa vada ya sha mai, ta bar ɗanɗanon sabulu, sannan ta juya kurkur ya koma ja-ja. Kanwa ma haka za ta yi, har ta fi, don haka ba ta da gurbi a nan.

A tsoma dunƙule, a juya shi ya rufu, a ɗaga da yatsu uku ko cokali, a ɗan goga ƙasansa a bakin kwano, a sake shi a hankali daga gefen kaskon. Guda 3 ko 4 a lokaci ɗaya, domin cunkoso yana kashe zafin mai. Kada a taɓa su a rabin minti na farko, rufin bai ƙame ba tukuna, matsami zai yage shi. Bayan haka a riƙa juyawa har minti 3 zuwa 4. Launin da ake so rawaya mai haske kamar zinariya. Dankalin ya riga ya dahu, ƙullin kawai ake soyawa, kuma besan da ya yi duhu ɗaci yake yi.

Kada a zubar da ragowar ƙullin. A tsoma yatsu a yarfa shi cikin man ya zama 'yan ƙananan ɓarɓashi, a soya su ƙayau a kwashe. Sunansu cura, kuma a wasu teburan Mumbai saboda su ake layi. Daga ƙarshe a tsaga dogon koren barkono 10 ta tsawo, a goge ruwan jikinsu, a jefa a man daƙiƙa 20 zuwa 30 har fatarsu ta yi fari-fari, a kwashe a barbaɗa gishiri. Tsagawar dole ce. Barkonon da ba a huda ba yana fashewa a mai ya fantsamo wa mai suya a fuska.

Jan yajin tafarnuwa

Ana iya yin vada pav ba koren catni, ana iya yin sa ba na tsamiya, amma in aka cire wannan yaji an cire ransa. Catni shi ne sunan da suke ba duk wani mahaɗi irin wannan, busasshe ko mai ruwa, wannan kuma suna kiransa lasun catni.

A soya tafarnuwa ƙwaya 12 zuwa 15 a mai ƙaramin cokali 1 a wuta ƙasa-ƙasa har ta yi ɗige-ɗigen ruwan zuma, a kwashe. A kaskon a toya gurzajjiyar busasshiyar kwakwa giram 50 har ta fara sauya launi, ana juyawa ba tsayawa, don tsakanin ƙamshi da ƙonewa 'yan daƙiƙu ne. In ɗanyar kwakwa ce a hannu, a gurza a shanya ko a toya ta a hankali har ruwanta ya ƙone, in ba haka ba yajin zai yi tsami cikin kwana biyu. A toya riɗi babban cokali 1, a tanadi soyayyar gyaɗa mara ɓawo babban cokali 2. A bar komai ya huce tukuna. Sai a haɗa da garin jan barkono babban cokali 1 zuwa 1 da rabi, gishiri rabin ƙaramin cokali, da cura rabin kofi.

A can suna amfani da barkonon Kashmir ko na Byadgi, masu ja sosai da sauƙin zafi. Don samun irin wannan, a haɗa garin busasshen tattasai kashi biyu da garin barkono kashi ɗaya. A daka a turmi sama-sama, ko a kunna bilenda a kashe, a kunna a kashe, daƙiƙa biyu-biyu. Kwakwa da gyaɗa da riɗi duk masu mai ne, in niƙan ya zarce za su saki mansu a koma tunkuza. Abin da ake so gari ne mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da zai dunƙule in an matse shi a hannu, ya warware in an taɓa. A kwalba mai murfi yana kai mako biyu a firij. Wanda aka saka wa cura ya fi daɗi a ranar, don haka mai son ajiya ya ware nasa kafin ya zuba.

Sauran biyun ba su da wahala. Na kore, a markaɗa ganyen koriyanda cikin hannu biyu, koren barkono 3, tafarnuwa 2, gyaɗa babban cokali 1, ruwan rabin lemon tsami da gishiri, da ruwan sanyi cokali 3 ko 4 kacal. Ya kasance mai kauri da za a shafa, kuma ruwan sanyin da lemon su ne ke hana shi yin baƙi. Na zaƙi, a tafasa tsamiya giram 50 da dabino mara ƙwallo giram 100 a ruwa kofi 2 na minti 15, a dama a tace, a mayar wuta da ɗan gishiri da barkono har ya kama bayan cokali. Mazarƙwaila giram 80 tana maye gurbin dabino, ita ce ma daidai da abin da suke kira gur.

Haɗawa

A tsaga pav ta gefe amma kada a raba shi biyu, a bar bayansa a manne kamar littafi. A shafa koren catni siriri a ɓangare ɗaya, na tsamiya a ɗaya in ana so, sannan a zuba jan yajin ƙaramin cokali a cike. A ɗora vada mai zafi, a watsa cura, a rufe a danna da tafin hannu har dunƙulen ya ɗan fashe ya baje zuwa gefuna. Dannawar ce ke sa kowace loma ta ƙunshi burodi da dankali da yaji tare. Soyayyen barkonon a gefe yake, ana gutsura tsakanin loma da loma. A titin Mumbai yawanci ba a gasa pav ɗin, da taushinsa ake ci. In burodin ya kwana, a ɗan ɗumama shi a kasko da bota. Catni masu ruwa in sun yi yawa burodin zai jiƙe ya yage a hannu tun ba a kai rabi ba.

Vada ba ya jira. Bayan minti 15 zuwa 20 tururin dankalin yana sa ɓawon ya saki, kuma in an rufe shi a kula tun yana zafi abin ya fi sauri. Wanda zai ciyar da mutane da yawa ya mulmula dankalin ya ajiye a firij a rufe, har kwana ɗaya, ya haɗa yajin tun jiya, ya bar ƙulli da suya sai mutane sun zauna. A fito da dunƙulen minti 20 kafin suya, a goge raɓar da ta taru a jikinsu, don ƙulli ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Wajen tsane mai a yi amfani da kwando ko farar takardar kicin. Hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta hana naɗe abinci a jarida, saboda tawadar tana narkewa cikin mai mai zafi.

A Mumbai abokin tafiyarsa shayi ne mai madara da citta a ƙaramin kofin gilashi, rabin awo, wanda suke kira katin cai. Kasuwar vada pav ta fi ci da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke tsare mutane a ƙarƙashin rumfar tasha kaskon suya yana tafasa a gefensu. A garin Nashik kuma akwai masu juya abin, su cusa dankalin a cikin pav, su tsoma burodin gaba ɗaya a ƙulli su soya, suna kiransa ulta vada pav. Wanda zai gwada wannan ya ɗan ƙara wa ƙullin kauri, ya kuma tabbatar man ya kai digiri 180, domin burodi yana shan mai fiye da dankali.